Motar Ɗauko Laraba

"…lahiya lau, ya aiki? Af! Tsaya tukuna. Wa ma nike gaidawa? Ashe kai ne. To na mai da gaisuwata."

"Mai da abinki, tsohuwa. Gaisuwar da ta hito bakin da babu haƙori, mi za ni yi da ita?"

"Haƙorana kai kac cinye su, ɗan nema. Tun kana rarrahe nike tauna maka nama."

Bakin garejin Uba bakanike ke nan, a hanyar fita Anka, da hantsi, shekarar nan da aka yi canjin kuɗi. Mai janye gaisuwar Marka ce, doguwar tsohuwa mai sanda, wadda komai nata ya tsufa ban da baki. Wanda aka janye wa kuwa Hayatu ne, jikanta, da take kira mijinta tun ranar sunansa. Ubansa Magaji fataucin hatsi yake yi. Ya sayi 'yar tirela, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya, ya ce wa Hayatu tunda shi zai riƙa tuƙi, ya je ya zaɓi motar da za ta ja ta cikin guda biyu da Uba ya samo a gwanjo. Wadda duk ya nuna, ita za a saya yau.

Marka ba ta san giyar mota ba, ba ta san birki ba, kuma ba yawo ya fito da ita ba. Ƙanwarta Laraba ce ta fito da ita. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Laraba tana can Tungar Labbo, gaba da Nasarawa Burkullu. Mijinta ya rasu, 'ya'ya ba su tsaya mata ba, ga ƙugu ya riƙe, ko jaki ba ta iya hawa. Rabon da su ga juna har Marka ta daina tunawa, don tunawar kuka take sa ta. Kasuwar da ta wuce wata mai daddawa ta kawo saƙo: Laraba ta ce in Yaya za ta aiko a ɗauke ta, ta aiko kafin ruwa ya zauna ya datse hanya, don ita ba ta jin za ta ga wata kaka. Amma fa ba ta tafiya ta bar awakinta uku da gadonta da randar Innarsu. Mai daddawar ta ƙara da cewa tunda aka kafa tungar nan, mota ɗaya ce ta taɓa ƙetare rairayin ƙoramarsu, ita ce ta masu haƙa rijiya.

To wa Marka za ta gaya wa? Magaji ɗan fari ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta dube shi ido da ido ta ce yi mini kaza. In ya shigo gaisuwa, bango take duba ta amsa. Roƙon Hayatu a kan dukiyar ubansa kuwa, ai roƙon uban ne aka kewayo da shi ta bayan gida. Abin da Allah ya bar mata kawai shi ne zagin yaron nan, kuma wannan ta iya. Shi ya sa ta ɗauki sanda ta biyo shi.

"Mi ma ya kawo ki gareji?" in ji Hayatu. "Ko gyara za a yi miki? Uba, don Allah duba mini ita, ina jin salansa ce ta hwashe. Tun asuba take ƙara."

"Na zo in ga abin da za a saye da sunana. Wace mata ce za ta zauna gida mijinta na zaɓen mota?"

"Wa ya ce da sunanki? Ai na sake ki tun bara."

"Kai da ko wando ni ke ɗaure maka? Saki ya hi ƙarhin bakinka. Nuna mini su."

Motocin suna tsaye gindin dogon-yaro. Ɗaya 'yar jif ce ja, gajeruwa, fenti sai ɗaukar ido, har da rediyo mai cin kaset. Ɗayar doguwar Landiroba ce ruwan toka, rana ta cinye fentinta, kujerun sun sha faci, a bayanta da wata ƙugiya mai kaurin hannu. A jikin ƙofarta har yanzu ana ganin inuwar hoton rijiya da aka goge. Marka ta ga hoton nan, ta tuna maganar mai daddawa, ta yi maza ta kau da kai kada a gane.

Hayatu ya dafa jar yana shafa ta. "Ga amarya. Dube ta da kyau, in idon na gani."

"Wagga? Wagga ai kwanon awo ce anka sa ma taya."

"Kaset gare ta, tsohuwa."

"Kaset ɗin ne za ya ja tirela?"

"Ke ba ki san zamani ba. In na biyo ta ƙohwar gidan su Binta, waƙa na tashi, gilashi a sauke…"

"Au! Ashe Binta za a saye ma mota, ba hatsi ba. Yarinyar da ko hura ba ta iya damawa sai da gudaji awa tsakuwa. Ita waccan doguwar mi ta yi maka?"

"Waccan? Ai sa'arki ce. Ina jin tare kunka yi 'yammatanci."

"To ka ga kuwa ta san hanya."

"Ta san hanyar kushewa dai."

"Kai za mu kai mu dawo, ni da ita."

Uba yana goge hannu da tsumma yana dariya har da riƙe ciki. Da ya lafa sai ya ce shi dai gaskiya zai faɗa, ba ya ɓoye wa ɗan Magaji komai. Jar ba ta shan mai, sitiyarinta laushi, in dai hanyar Bukkuyum ce da Gummi za ta ja tirelar, muddin ba a danna mata kaya ba. Doguwar kuwa tana shan mai, sitiyari sai mai damtse. Amma tana da ƙaramar giya. Ya buɗe ƙofa ya nuna wata 'yar sanda mai jan kai a ƙasa, ya ce in aka ja wannan baya, ƙafa huɗun duka su kama ƙasa, ta koma tafiyar takarkari, amma rairayi da laka ba sa tsai da ita.

"Ka ji," in ji Hayatu. "Tana cin abinci da yawa, ga nauyin jiki, ga tahiyar hawainiya. Uba, matata kake siffantawa ko mota?"

Marka ta juya masa baya. Ta kewaya wajen tirelar da ke jingine a gefe, ta ɗora sandarta a kan bakinta tana awo, tsawo da faɗi, tana motsa leɓe.

"Gadon ƙarhe za ya shiga nan?"

"Hatsi za mu ɗauka, ba ƙaura za mu yi ba."

"Na tambaye ka? Uba nike tambaya. Uba, gado za ya shiga?"

"Zai shiga, Inna, in an kwance shi."

"Awaki hwa? Kamar ukku haka. Za su iya tsayuwa ba su hwaɗi ba?"

"Lalle tsohuwar ga ta hwara ruɗewa," in ji Hayatu. "Ke da ko kaza ba ki da ita, ina kinka samu awaki? Ko sata za ki koma da tsuhwa?"

"In sata nike so ai da kai zan hwara sacewa in kai kasuwa, sai dai ba mai taya ka. Uba, mutum mai ciwon ƙugu za ya iya hawa wagga doguwar?"

"Sai an tallafa mishi, Inna. Amma in ya zauna bakin ƙofa ya miƙe ƙafa, lafiya lau."

"Ƙugunki lahiya lau yake," in ji Hayatu. "Jiya na gan ki kin bi ɗan akuyar maƙwabta da gudu. Bakinki ne ke son asibiti."

"To mai bakin lahiya, a gwada su mu gani. Ko tsoro kake ji amaryar taka ta ba ka kunya?"

Nan fa ta taɓa shi inda yake ciwo. Ya ce a gwada, yanzu ma kuwa. Aka ɗaura tirela a bayan jar, Uba ya ɗora wani mataccen inji da tsofaffin tayoyi don nauyi. Marka ta ce ba a gama ba. Ta nuna randar da ke gindin bishiya, wadda mutanen gareji ke shan ruwa, ta ce a ɗora ta yadda take da ruwanta.

"Randa kuma? Wanka za ki yi a hanya?"

"Ina son in ga tuƙinka ne. Direban da bai iya kai randa ba, ina za ya kai mata?"

Aka ɗora randa a cikin taya, aka kama hanyar ƙoramar da ke bayan gareji, wadda ta bushe sai rairayi. Marka tana gaba, ta riƙe ƙarfen gabanta da hannu biyu. Hayatu ya danna kaset, ya taka mai, mota ta yi tsalle ta zabura.

"Innalillahi! Kashe ni za ka yi ka ci gado?"

"Gadon mi? Sanda da buta?"

"A hankali, ɗan banza! Randa!"

A kan turba kam jar ta yi rawar gani, ba mai musu. Da aka gangara rairayi ma ta ɗan taɓa, sai nauyin tirela ya riƙe ta. Ta yi kuka, ta watsa rairayi sama, ta haƙa wa kanta rami ta zauna. Suka sauko. Randa ba ta fashe ba, amma rabin ruwan yana kwance a cikin tirela.

"Sannu, ango," in ji Marka. "Amarya ta gaji. A kawo mata mahuci."

"Rairayin ne ya yi laushi."

"I mana. A aika a gaya ma rairayi ya yi tauri, ɗan Bature za ya wuce."

Uba ya koma ya kawo doguwar, ya fizgo jar waje, aka mai da tirela bayanta, aka cika randa. Hayatu ya hau yana ƙunƙuni. Da suka zo bakin rairayin Uba ya ce ya tsaya ya ja 'yar sandar nan mai jan kai. Ya ja. Motar ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, ta shiga rairayin tana tafiya kamar mai jin barci.

"Don Allah dubi," in ji Hayatu. "Ko ke da sandarki kya wuce mu."

Marka ba ta ji shi ba. Wannan rangajin ta san shi. Da irinsa aka fito da ita daga garinsu ranar da aka kawo ta Anka, a kan takarkari, an lulluɓe ta, kayan ɗaki suna ƙara a gefe. Laraba tana 'yar ƙarama a lokacin, ta biyo su da gudu tana kiran Yaya, Yaya, har bakin ƙorama, a nan wani kawunsu ya kama ta ya ɗaga sama tana harbin iska. Marka ta leƙo ta ƙarƙashin lulluɓi ta ce mata ta yi shiru, za ta dawo ta ɗauke ta. Yarinyar ta yarda ta yi shiru. Daga baya an haɗu a biki, an haɗu a makoki, kowa ta koma ɗakinta, amma maganar nan ta bakin ƙorama ba a taɓa cika ta ba. Kewar ƙanwarta ta taso mata, har sai da ta ja bakin lulluɓi ta rufe hanci.

"Mi ne ne? Hayaƙi?"

"Warin hammatarka ne. Duba gabanka."

Suka ƙetare, suka juyo, suka sake ƙetarewa. Da aka tsaya gindin dogon-yaro Uba ya leƙa tirela. Ruwan randa yana nan, ɗan abin da ya zuba bai jiƙa tafin hannu ba.

Hayatu ya sauko yana murza kafaɗa. "Na ji, ta hi ƙarhi. Ban musa ba. To amma wa ya aike ni rairayi? Baba Bukkuyum ya ce da Gummi, kuma hanyarsu ba ta gagari jar ba. In ɗauki wagga in ƙare a gidan mai, ga ciwon kahwaɗa? Uba, jar nike so. A wanke ta."

Uba ya ce to, ai ba laifi, zaɓinsa ne.

Marka ta ɗaga kai. Ta duba gabas. Gajimare ya fara taruwa can ƙasa-ƙasa, fari tukuna, amma kowa ya san abin da ke bayansa. Ta buɗe baki ta nemo zagi.

"Raggo. Sitiyari ma ya gagare ka."

"Na yarda."

"Mai zaɓen mota da ido awa mai zaɓen atamfa."

"Na yarda, tsohuwa. Sai mi kuma?"

Babu sai mi. Zagin ya ƙare, kuma abin da ya rage a bakinta ba ya faɗuwa. In ta ce wa yaron nan don Allah, gobe magana ta isa kunnen wancan, a ce uwa ta juya dukiyar ɗanta na fari don biyan bukatarta. Ta gwammace ƙasa ta tsage. Ta ja sandarta ta koma wajen tirela don kada su ga fuskarta, ta dafa bakin randar nan, sanyin jikinta ya ratsa mata hannu.

"Tamu ta hi wagga girma," ta ce, ba da kowa take ba. "Baƙa ce, ginin mutanen da. Tana da ɓalli a baki, Laraba ce ta yi shi da muciya tana bin kyanwa, ni anka buga. Ruwanta ko da bazara sai ya kama maka haƙori. Ita kaɗai ta rage cikin kayan Inna."

Sai da ta rufe baki ta gane ta yi magana a fili. Ta juyo a hankali. Hayatu yana tsaye da makullin jar a hannu, yana duban tirela, ya dubi randa, ya dubi kujerar bakin ƙofar doguwar motar, sannan ya dube ta. Ta ga leɓensa yana motsi, ta san abin da yake jerawa: gado, awaki, ƙugu. Kunya ta rufe ta. Ta ɗaga sanda.

"Mi kake kallo? Ban taɓa yi maka kyau haka ba?"

Hayatu ya kau da kai. Ya daɗe yana juya makullin a yatsa, yana satar kallon jar motar nan da kaset ɗinta, kamar yaron da aka ce ya ba ƙanensa tsire. Sannan ya yi ajiyar zuciya ya miƙa wa Uba.

"Uba, na sake shawara. Ba ni na tsohuwar."

"A'a! Binta fa?"

"Binta ta yi haƙuri, a kai ta da keke. Ni wata budurwa gare ni, na daɗe ina ɓoyewa. Tana can gaba da Nasarawa Burkullu, sai an ƙetare rairayi. Mai dukiya ce, awaki ukku gare ta da gadon ƙarhe. Ina yaro anka kai ni wurinta sau ɗaya, ta dama mini hura da nono har na yi barci a cinyarta, ba irin wasu ba da sai zagi. Jibi in Allah ya kai mu za ni ɗauko ta, kahin ruwa ya sauka wani ya riga ni."

Marka ta ƙanƙame sanda da hannu biyu.

"Wancan hwa? Mi za ka ce mishi?"

"Baba? In ce mota mai ƙarhi na zaɓa, ƙarya na yi? In ya ga wadda na ɗauko kuma, ai shi ma Innarshi ce. Ke dai ki shirya, za ni da ke ki riƙe mini randa, tunda abin da kinka iya ke nan." Ya juya wajen Uba yana kashe ido. "Kuma Uba, in ka ga budurwar nan sai ka riƙe baki. Ta hi wagga tsohuwar kyau nesa ba kusa ba."

Uba ya gyara tsayuwa yana jiran abin da zai biyo baya, don duk Anka an san ba a gaya wa Marka magana ta kwana. Ta buɗe baki. Dariya ta zo mata tare da hawaye, suka haɗe, ta rasa wanda za ta tare.

"Ta hi ni," ta ce. "Wallahi ta hi ni. Tun muna yara ta hi ni."

"Kai! Uba, ka zama shaida, yau na ka da ita."

"Ka ka da ni, mai gida. Zo karɓi."

Ta kwance bakin zane ta fito da farin goro guda, babba, wanda ta ɓoye tun sallah ba ta ba kowa ba, ta danƙa masa a tafi ta rufe da hannunta. Ya ce goro ɗaya tal a kan mota sukutum, lalle ya auri marowaciya. Ta ce ya kawo abinta in bai so. Ya jefa aljihu da sauri.

Uba ya sauke mataccen injin da randarsa, aka bar tirela a ɗaure. Hayatu ya tallafa mata ta hau, ya rufe ƙofa ya kewaya. Da ya zauna sai ya tarar ta matso tsakiya, ta takure kusa da giya, gwiwarta tana gogar hannunsa, ga kujerar bakin ƙofa fayau ba kowa.

"Matsa can mana, tsohuwa, ga wuri. Ta ina za ni sa giya?"

"Ka koya tun yanzu," in ji Marka, ta miƙa hannu ta kakkaɓe ƙurar kujerar da bakin lulluɓinta. "Nan wurin mai ƙugu ne."